Ajin Rohyatun Bai Tashi Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Baiq Rohyatun a asibitin Selong, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Kafin magariba labari ya game ƙauyenmu, Tetebatu.

Rohyatun, ni ce Inaq Sahnim, mai ɗakunan baƙi a bakin gonar shinkafa, wadda kika ce ba ki taɓa koyar da mai taurin kai irina ba.

Kafin ki dawo daga karatu, baƙo ba ya iso mana sai ta hannun dillalan birni. Su ke da hotunan ɗakunanmu, su ke yanka farashi, mu namu wankin zannuwan gado da dafa kofi. Kika tara mu, masu ɗakuna da masu raka baƙi dutse da masu saƙa, kika ce kowa ya fito da wayarsa, yau zai buɗe shafi da sunansa a intanet. Amaq Jumahir, da ya tsufa yana kai baƙi magangarar ruwa, ya ce yatsunsa sun yi wa gilashin waya kauri. Kika ce yatsun da suka iya naɗa taba ba za su gagara rubuta "barka da zuwa" ba. Muka yi dariya, ya yi fushi, amma washegari shi ya riga kowa zuwa.

Ban manta ranar da wani baƙo ya rubuta a shafina cewa zakara da kiran sallah sun hana shi barci ba. Na zo miki da hawaye, na ce zan ba shi haƙuri, zakaran kuma zan yanka. Kika karɓi wayar, kika karanta, kika mayar mini.

"Inaq, zakara dai kya yanka. Ladanin fa? Rubuta a saman shafin: a nan akwai masallaci, akwai kaji, akwai kwaɗi. Wanda bai so, otal na birni."

Haka na rubuta. Masu zuwa tun daga lokacin sun san inda za su, wasu ma sukan roƙi a tashe su da asuba su ga manoma na fita.

Da wani kamfani ya turo wakilinsa ya ce mu miƙa masa shafukanmu da kalmomin sirrinmu ya riƙe mana, wai ƙauyawa ba su iya wannan aiki ba, ke kika miƙe a gaban taro kika ce a'a. Ba a jima ba aka ce ɗakin taron da muke karatu yana bukatar gyara, aka garƙame shi. Kika mayar da ajin rumfar gidan mahaifiyarki. Ƙafafunki sun kumbura, kina jingine da ginshiƙi, kina gyara mana rubutu.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru bayanki. Ranar addu'ar uku wakilin nan ya zo gaisuwa. Mun karɓe shi, mun ba shi shayi. Da zai tafi ya ja Amaq Jumahir gefe, ya ce tunda malama ta tafi, gara a sauke mana nauyin nan. Tsohon ya ce ya ɗan dakata, wata baƙuwa na jiran amsa. A gabansa ya rubuta mata, a hankali, da yatsa ɗaya, ya aika. Sannan ya ɗago.

"Mun gode da zuwa, ɗana. Ka yi hankali da hanya, an yi ruwa."

Asabar ɗin da ta biyo baya mun zauna a rumfar. Babu wanda ya iya duk abin da kika iya, amma kowa ya iya wani abu. Ni na koya wa ɗaya daga cikinmu, matar Sapoan, ɗaukar hoton ɗaki da hasken safe. Ta ɗauka ya karkace, na sa ta sake, ta ce na fi ki faɗa. Masu jiran mu watse, su nemi wurin zama.

Allah Ya jiƙanki, Rohyatun. Ya sa ciwon da kika sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinki, Ya sa abin da kika koyar ya riƙa iske ki a can. Ga mahaifiyarki da ake kira da sunanki, Inaq Rohyatun, da mijinki Lalu Mahsun, da 'yarki Baiq Dinda, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.