Muryar Yaya Azumi

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Azumi, kuma a ranar sadakarta ta bana na tabka wautar da har yau nake jin kunyarta. Baƙi sun cika tsakar gidanmu a unguwar Komah ta Sokode, ana rabon masa, sai na ciro waya na kunna waƙar da ke cikin fim ɗinta na ƙarshe. Na ƙure ƙara ina ta cika baki, wai duk Togo ba a taɓa yin murya irin wannan ba. Daga madafa Inna ta ce, a hankali:

"Nuhu, kashe. Ba ita ba ce."

Rashin sani ya fi dare duhu. Shekara shida ina kuka da muryar wata mata da ban taɓa gani ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya ta rasu, don haka rabin abin da nake ba abokaina a lekol, wato makaranta, game da ita, ni na ƙera shi da kaina. Na ce musu in ta ɗaga murya a gidan biki, masu zemijan, 'yan acaɓa, kan kashe babura a titi, kaji su fasa ƙwai. Na ce Baba, wanda mahauci ne, ya taɓa yanka sa bai shure ba saboda yana sauraronta. Gaskiyar da ke ciki ita ce, tun tana budurwa ake kiranta waƙar amare a Sokode, kuma tsofaffi kan yi shiru in ta fara.

A wani biki ne mai shagon atamfa ya gan ta, ya nemi a ɗauke ta hoto da sabbin zannuwansa. Kafin shekara ta zagayo, babu telan da bai manna hotonta a bango ba. Mata su shigo su nuna da yatsa, a ɗinka musu irin na Azumi. Baba ya yi wata guda yana zagaye layin teloli don kada ya haɗa ido da 'yarsa a bango, daga baya aka kama shi ya ɓoye hoto ɗaya a ƙarƙashin teburin nama.

Daga nan masu fim suka zo. Abin da ban sani ba sai ranar sadakar nan, da waƙoƙinsu suke zuwa, an riga an rera su a wani gari. Nata kawai ta yi ado, ta motsa baki. A wajen Yaya, gani ya kori ji. Inna ta ce ta sha dawowa gida ta zauna bakin murhu tana cewa sun ɗauki fuska sun bar mutum.

Da baƙi suka watse, Inna ta gaya mini abin da ya fi wautata ciwo. Ta ce hotuna sun cika akwati, amma muryar ta fara ɓace mata, in ta nemo ta a kunne sai ta ji ta nesa. Ta ce ta san wuri ɗaya da aka ɗauki Yaya tana waƙa da bakinta: bikin ƙawarta Larai a Dapaong, wata biyu kafin rasuwar.

Ranar Asabar na shiga mota. A lissafina mun yi kwana uku a hanya, direba ya ce ko yini ba mu cika ba. Anti Larai ta gane ni tun daga ƙofa, wai kunnuwana ba su canza ba. Ta ciro faifan bikin daga ƙasan kwalla, naɗe a ɗankwali. Muka yi gida huɗu kafin mu sami mai na'urar da ke karanta faifai, wani tsohon mai gyaran rediyo a bayan kasuwa.

Ga Yaya ta fito a allo, cikin shuɗin leshi, ta riƙe makirfo, jijiyar wuyanta ta tashi. Sai dai mai bidiyon ya yi abin da masu bidiyon biki suka saba: ya ɗora kiɗan zamani a kan komai don faifai ya yi armashi. Bakinta na motsi, wani namiji na rera waƙar soyayya. Anti Larai ta rufe fuska da gyale. Ni kuwa na zagi mai bidiyon har kakansa na bakwai, a zuci.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin abin da Yaya za ta ce da zamanin nan. Yau yarinya ko atishawa ta yi sai an ɗauka an watsa a waya. Ni kaina ina da bidiyon akuyarmu tana cin takardar jarrabawata. Da tana nan, na san ranƙwashi za ta fara yi mini, sannan ta ƙwace wayar ta yi waƙa son ranta, ba mai ɗora mata kowa. Shekaru kaɗan ta rasa a tsakani.

Na kuma gaya wa abokaina cewa ta faɗi ne a gaban kyamara, kowa na tafi. Ƙarya ce. Zazzaɓi ya kama ta suna ɗaukar fim a garin Nano, ta ƙi bari a tsayar da aiki saboda ita, aka kai ta asibiti a Dapaong a makare. Kwana uku ta yi.

Har yanzu teloli na ɗinka irin nata, matan da ba su san sunanta ba suna sawa. Waƙar kuwa ban samo ba. Amma a ƙarshen faifan, inda kiɗan mai bidiyo ya ƙare kafin hoton ya yanke, Yaya ta sauke makirfo, ta yi 'yar dariya, ta ce:

"Larai, a ba ni ruwa mana."

Shi mai gyaran rediyon ya kwafa mini a waya. Da babu gara ba daɗi. Na kunna wa Inna tana zaune kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta ajiye tiren, ta ce ita ce. Ta ce in sake. Na sake sau tara, kuma wannan karon ban ƙara ko ɗaya a lissafin ba.