Kabad ɗin Baba Ruf

Duk layin, in ban da tsofaffi, babu wanda ya san sunansa na yanka. Kowa Baba Ruf yake ce masa. Aikinsa ne ya jawo masa sunan. In ya haɗa maka kabad, ka tura ƙofar, za ka ji ta ce ruf, kuma daga nan ko kiyashi sai dai ya zagaya ya haƙura. Tun yana saurayi yake kafinta, kuma abin alfaharinsa guda ɗaya ne a duniya: ba a taɓa zura ko takarda tsakanin katako biyun da ya haɗa ba. Halin ya bi shi har cikin gida. In ya ga durowa a buɗe sai ya mayar, in ya ga murfin tukunya a karkace sai ya gyara, yana tafe yana mita. Matarsa takan ce da da hali, da bakunan mutane ma ya sa musu sakata.

Sai zamani ya juya masa baya, kuma ba cikin ladabi ba. Aka cika kasuwa da kayan ɗaki na garin katako da aka matse da gam, masu ɗaukar ido, waɗanda ruwan kofi ɗaya ke kumbura su kamar burodi. Mutane suka yi caa a kansu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne babban ɗansa, wanda zarto da guduma suka kai shi makaranta, shi ma irinsu ya jera a falonsa, har da cewa, "Baba, ka huta mana, ai ka yi naka." Wannan "ka huta" ta fi zagi ciwo. Idonsa ya fara hazo, shago ya koma 'yar rumfa a bayan gida, aka bar mutumin da ya yi wa rabin layin gadon aure yana gyaran ƙafar benci.

Auta kaɗai ce ta gado shi, ita ma ta wata hanya. Zanen ɗakuna da kayan ɗaki take yi a kwamfuta, ta nuna wa mai gida yadda falonsa zai kasance tun kafin a buga ƙusa ɗaya. Da aiki ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutarta, sai ta yanke shawarar a haɗa mata sabuwa, kowane ɓangare da zaɓinta. Ranar da za ta je shagon Dogo mai haɗa kwamfuta, Baba Ruf ya sa hula ya ce zai raka ta. Babu wanda ya gayyace shi, babu kuma wanda ya isa ya hana shi.

A shagon ya zauna kan kujerar roba yana sauraron maganar da ba a sa shi ciki ba. Auta ta zaɓi ƙwaƙwalwar na'urar, ta zaɓi katin hoto mai kauri kamar bulo, wanda shi ne ke fitar da zane. Dogo ya ce waɗannan biyun wuta ne in suna aiki, dole a yi musu tanadin sanyi, ko na ruwa ko na fanka. Auta ta ce ba ta son ruwa kusa da aikinta, a ba ta babbar fanka. Duk wannan Baba Ruf ya haɗiye shi. Amma da aka sauko da akwatin da za a zuba kayan a ciki, sai ya miƙe tsaye. Gabansa raga, samansa raga, bayansa huji ko'ina.

"Kai, yaro, wannan akurkin kaji ne ko me?"

"Baba, haka ake so. Iska za ta shiga ta nan, ta fita ta can."

"Iskar da ke kawo ƙura? Da wanda ya ƙera wannan a shagona yake, da ko shara ba zan ba shi ba."

Dogo ya yi dariya, Auta ta ce, "Baba, don Allah," aka ci gaba da magana kamar bai ce komai ba. Shi kuwa ya matsa, ya auna akwatin da taƙin hannunsa, tsawo da faɗi da zurfi, ya riƙe a ka. Ransa a ɓace yake, amma ya samu abin yi.

Akwai wasu allunan maɗaci da ya ɓoye a rumfa shekara da shekaru, ya hana kowa, har da masu kuɗin da suka yi ta roƙo. Su ya fiddo. Ya yi makonni yana aiki, inda ido ya gaza yatsu suka karɓa. Ya san a ransa wannan ne babban aikinsa na ƙarshe, kuma so yake a ce akwai abu ɗaya a gidan nan da ake buƙata daga hannunsa. Kabad ɗin ya fito ba huji sai ɗan na waya, shi ma daidai kaurinta. Ƙofar kuwa ko a ƙuruciyarsa bai yi irinta ba.

Ya sa aka shigo da shi ɗakin Auta a gaban uwarta da yayanta. Auta ta shafa katakon, ta buɗe baki ta ce, "Baba, ya yi kyau ƙwarai, amma ka san ita wannan..." Uwar ta harare ta. Uba ya yi maka kyauta a gaban mutane, ina kai ina "amma"? Ta haɗiye sauran maganar, ta ɗauki kwamfutar ta sa a ciki. Baba Ruf ya tura ƙofar da yatsa ɗaya, ta ce ruf, ya dubi babban ɗansa ido cikin ido.

Dabarar da Auta ta yi ita ce, in za ta yi aiki sai ta buɗe ƙofar ta bar ta a wangale. Ba ta gaya masa dalili ba, don kada ya ji haushi. Wata rana da hantsi ta sa na'urar fitar da zanen wani otal, aikin da za ta miƙa da yamma, ta fita kai wa uwarta saƙo. Baba Ruf ya zo wucewa, ya hango ƙofar kabad a buɗe. Bai ma tsaya tunani ba. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya wuce yana cewa 'ya'yan yanzu ba su san darajar kaya ba.

Da Auta ta dawo, allo baƙi ƙirin, cikin kabad ɗin kamar tanda, aikin ya tsaya a rabi. Ta fito tsakar gida ta sami Baba Ruf.

"Baba, kai ka rufe?"

"Ni na rufe. Ƙofa aka yi ta don me?"

"Ta kusa ƙonewa, Baba! Zafi ya kashe ta. Yanzu me zan ce wa mutanen nan?"

"Au, laifina ne? Tun kafin a haifi uwarki nake rufe ƙofa, ba a taɓa tuhumata ba sai yau!"

Ta koma ta ciro kwamfutar, ta ɗora ta kan kujerar roba a tsakiyar ɗaki, ta yi ta ba masu otal haƙuri a waya. Kujerar roba! Maɗacin da aka yi wa rowar shekaru yana tsaye a gefe baki buɗe, an fifita roba a kansa. Kashegari babban ɗan ya zo, ya ce tunda ba a amfani da shi a kai kicin a zuba kwanuka. Baba Ruf bai ci abinci ba ranar. Ba kunya ce ta hana shi ba, fushi ne zalla.

Da fushin ya tafi shagon Dogo, da niyyar ya wanke shi tas kan sayar wa yarinya kayan da ba ya jure zama a cikin kabad. Dogo ya bar shi ya gama faɗa, sannan ya ce, "Baba, ara mini hannunka." Ya kai tafin tsohon bayan wata kwamfuta da ke aiki. Iska mai zafi ta bugi fatarsa, ba tsayawa, kamar hucin mai zazzaɓi. Ya daɗe bai janye hannun ba.

"Kullum haka take yi?"

"Muddin tana aiki."

"To me ya hana a faɗa mini da baki? An mayar da ni tsohon da ake lallaɓawa?" Ya yi tsaki, ya tambaya ta ina iskar take shiga, ta ina take fita, ya fice ba sallama.

A gida ya sa aka fito da kabad ɗin rumfa, ya kira Auta. Ya miƙa mata fensir, bai dube ta ba, ya ce, "Zana mini inda za a yanke, baya da sama. Ki danna sosai, ba na ganin siririn layi." Wannan ne karo na farko da ya faɗi haka da bakinsa. Ta zana, ta riƙe masa katakon, ya yi ta huda maɗacin nan yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro na'urar da ba ta iya zama a rufe. Hujin suka fito a jere, gefensu sumul, don ko ɓarna zai yi ba zai yi ta da ƙazanta ba.

Auta ta ce, "Ya isa haka, Baba. Ƙofar sai a riƙa barinta a buɗe."

Ya dubi ƙofar, ya tura ta da yatsa, ta ce ruf. Ya sake buɗewa, ya sake turawa. Sannan ya ce ta miƙo masa sukundireba.

"Haba Baba, ai ita ce ta fi komai kyau!"

"Na sani. Amma na san hannuna. Gobe in na wuce na gan ta a buɗe, sai na rufe."

Ya kwance ƙofar da kansa, ya naɗe ta da tsohon zanin matarsa, ya tura ƙarƙashin gadonsa. Har yau kwamfutar tana cikin kabad ɗin tana aiki, fankarta na juyawa a fili. Baba Ruf kuwa in zai wuce ƙofar ɗakin Auta, sai ya haɗe hannayensa biyu a baya, ya ƙara sauri.