Jujin layinmu da korayen kwalabe

"Da shara za ki rufe shara?"

Tambayar da Alhaji, dattijon layinmu a unguwar Talladjé, ya jefa wa ƴar yayata Hadiza ke nan, tana tsaye cikin tsofaffin tayoyi da ƙofofin mota da kwalabe. Ni na tsaya mata wurin mai unguwa har ya ba ta lungun da kowa ke zubar da shara, don haka in abin ya lalace kunyar tawa ce.

Zanen gine-gine take karantawa. Ta je wani baje kolin masu fasaha, ta ga an yi bango da tarkace, ta dawo ta hana mu sakat.

Ta tada rumfa zagayayya, haske na ratsa kwalabe. Samarin fada, masu zaman hira a bakin titi, sun kawo kayan shayinsu tun siminti bai bushe ba. Dattawa kuwa suka ƙi shiga.

Jiya da la'asar Alhaji ya leƙa ya ce, "Ƴata, ɗakin nan naki ba gaba ba baya. In lokacin salla ya yi, ina mutum zai fuskanta?"

Ta ce, "Baba, duba korayen kwalaben can, sauran duk farare ne. Sai da liman ya nuna mini alƙibla kafin in jera su."

Ya daɗe yana kallo. Sai ya tuɓe takalmi, ya ce a miƙo masa buta.

Wanda zai zuba shara inda Alhaji ya sa goshi, ina jira in gan shi. Ku fa, wane lungu kuka bar wa leda a unguwarku?