Layin Kafinta

A da, duk wanda ya sauka tasha ya ce a kai shi Layin Kafinta, ba sai ya ƙara kwatance ba. Kafintan kuwa shi ne mahaifin Gwaggo, wadda yanzu take hayar ɗaki guda a bayan asibiti tana sana'ar kitso.

A bakin layin akwai wani ƙaton lambatu mai cika fal da damina. Wata shekara ruwa ya tafi da Auta, ƙanin Gwaggo, yana ɗan shekara huɗu. Takalminsa ne ya suɓuce, ya bi shi. Sai bayan kwana biyu aka tsince shi can ƙasan gari. Da aka share makoki, Kafinta ya ɗauki guduma. Ya ɓalle ƙyauren shagonsa, ya haɗa da katakan da ya tara, ya yi gada, ya sa mata makari daidai tsayin yaro ɗan shekara huɗu. Kowace shekara, kafin ruwan farko, yakan bi katakan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa su da guduma, kunne a ƙasa. Wanda ya yi kukan rami, a cire shi. Gwaggo ce mai riƙe masa gwangwanin ƙusa, tun tana tallabe shi da hannu biyu har ta yi jika.

Bayan rasuwarsa yayyenta suka sayar da gidan. Aka zuba kwalbati, aka yi makamashi da katakan gadar. Suna kaɗai ya rage.

Sai ga labari wai kwamitin unguwa zai kafa alluna, kuma za a rubuta Layin Kemis. Gwaggo ta bar kan wata mata rabi a tsefe, ta zari mayafi.

"Iya, ƙa'ida ce," in ji sakataren kwamitin, yana juya biro. "Masu gida a layin su ke sa hannu. Kina da gida a can?"

"A can aka yanke mini cibiya, ɗan nan."

"Ai cibiya ba ta sa hannu, Iya."

Kwana uku tana bin gidaje da takarda a jaka. Ƙofofin duk sun zama na ƙarfe, ba fuskar da ta sani. Mai kemis, mutumin kirki, ya jawo mata kujera, ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Allah ya jiƙansa, Iya. Amma yanzu in ba kemis aka ce ba, ko mai kawo gas ɓata yake yi."

Saura Tsohon Direba, abokin yayyenta, wanda ya taɓa neman aurenta ta ƙi. Ta same shi a kan tabarma, ido ya tafi.

"Wa nake ji kamar 'yar Kafinta? Sai da haƙorana suka zube kika amince?"

"Rufa mini asiri, tsoho. Ko da haƙoran me ka tsinana? Hannu na zo ka sa mini."

Ya yi dariya har da tari. "Ni na tsamo Auta, kin manta? Da yatsu goma zan dangwala miki. Sai dai gidan ya koma sunan yarona tun bara, shi kuma ya riga ya sa wa mai kemis."

Duk da haka ya dangwala, ta kai. Sakatare ya dubi takardar, ya sa ta a ƙarƙashin kofin shayinsa.

Aka kafa allo, shuɗi da farin rubutu, daidai inda makarin gadar yake a da.

Wata biyu bayan nan aka aiko wa Gwaggo cewa Tsohon Direba ya cika. Ta fito titi ta tsayar da mai babur.

"Layin Kafinta."

"Ina ne haka, Mama?"

"Inda gadar katako take, bayan tasha."

"Gada? Ni dai shekarata shida ina aiki a nan, ban san wata gada ba. Ki yi sauri, rana na yi."

Ta dube shi, ta dubi titi. Lokacin jana'iza na ƙuracewa. Ta gyara mayafi, ta hau, ta riƙe ƙarfen baya da kyau.

"Layin Kemis," ta ce, a hankali.

"Yauwa! Da haka kika ce tun farko."