Abin da Inna ta faɗa bayan sallama

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka Inna ba ta kiran sunana. "Wancan" take ce mini, in kuma na ɓata mata rai, "mai taurin kan nan". Da na zo Riyad tuƙin motar kaya, sai ta sa ƙanena ya ɗauki muryarta ya zuba a faifan sidi, wani alhaji ya kawo mini har ɗakinmu a unguwar Sulay. Ko a faifan ma ba da ni take magana ba, da ƙanen nawa take: ka ce wa wancan ya riƙe salla, ka ce masa ya rage zafin rai. Daga nan ta yi sallama, sai shiru mai tsawo, ta ɗauka an kashe na'urar. Can sai ta ambaci sunana a hankali, ta ce, "Ko yana samun abin da zai ci?" Ba a rufa shekara ba ta rasu, ina nan ina jiran a sabunta mini iƙama, takardar zama a ƙasar, ko jana'iza ban samu ba.

Zafin garin nan ba ya raga wa faifai. Na taɓa mance na wa'azi guda biyu a mota, na dawo na tarar sun lanƙwashe kamar soyayyen ganda. Na Inna ma ya fara tsalle yana sarƙewa, hankalina ya tashi.

Abokin ɗakina, wani Bazazzagi mai gyaran wayoyi, ya sa ni gaba. "Haba Malam, wa ke jin sidi yanzu? Kawo in juye maka su a kwamfuta, khalas, shi ke nan. Har sautin zan wanke maka." Na miƙa masa jakar faya-fayena gaba ɗaya. Ya kamata in ce masa akwai magana a ƙarshen wannan ɗin, kada ya taɓa. To amma ƙato da gemu zai buɗe baki ya ce a nan uwata ta kira sunana? Ashe kunyar tata na gada. Cewa kawai na yi saƙon gida ne.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar ya gama. Ya kunna mini farkon kowanne, sauti tas, na yi ta sa masa albarka. A makon ne kafil, ubangidanmu na aiki, ya kwashe mu zuwa wani ɗan tsukin ɗaki a unguwar Badi'a. Ni da hannuna na zuba faya-fayen da na'urarsu a kwandon shara, har ina taƙamar na waye.

Sai da muka natsa na zauna in saurare ta. Ta yi nasiharta, ta yi sallama, ina jiran shirun nan, sai muryar mai wa'azi ta faɗo mini a kunne. Na maimaita sau uku kafin na kira Bazazzagin.

"Ai ba komai a wurin," in ji shi. "Na ga layin sautin ya kwanta, na yanke. Ma fi mushkila, ba matsala, shiru ne kawai."

Na zazzaga masa masifar da har yau nake jin nauyinta, shi kuwa bawan Allah ya saki baki bai san laifinsa ba. Kwafin asalin da ke kwamfutar kuwa ya riga ya goge. Na koma Sulay, na tarar an kwashe sharar tuntuni.

Na buga wa ƙanena waya. Wayar da ya ɗauki muryar da ita ta daɗe da lalacewa. Na ce to shi ai yana wurin, ya maimaita mini yadda ta faɗa. Ya ce lokacin ya fita amsa sallama a zaure, bai ji komai ba, faifan ma bai saurare shi har ƙarshe ba.

"Sunanka, Yaya? Inna da bakinta?" Ya ɗan yi dariya. "Anya kuwa?"

Na kashe wayar ina huci. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, wasu ranakun ina cikin tuƙi, ni ma sai in ji ina yi wa kaina wannan tambayar.