Sunan da Suwami Ya Binne

Akwai wata Talata a cikin kullen korona na 2020 da har gobe ba ta bar raina ba. Lokacin ina mataimakin bincike a sashen nazarin addinai na wata jami'a a Lembah Pantai, ni da Bashir, ɗan Zariya, wanda ni na tarbo shi a filin jirgi ranar da ya sauka Malesiya. Aiki ya ja baya, Farfesarmu ta ce mutum ɗaya za ta riƙe. Wanda aka sallama sai ya kwashi iyalinsa ya koma gida.

Hira muke yi da dattawan Hindu masu gudun duniya, ta bidiyo tunda ba fita. Ran nan aka haɗa mu da wani tsoho mai tufa ruwan goro. Ni na fara, tunda ni ne babba. Mu a gida ba ka san mutum ba sai ka san ubansa, don haka cikin ladabi na nemi sunansa na yanka da na mahaifinsa.

Ya ce, "Wannan mutumin ya mutu. Ni na yi masa jana'iza."

Ashe ranar da mutum ya shiga wannan hanya yake ajiye suna da dangi, malaminsa ya raɗa masa sabo, kuma ba a tono tsohon. Bashir ya ji haka wurin wani maƙwabcinsa Ba'indiye a unguwar Wangsa Maju, bai taɓa gaya mini ba. Sai cewa ya yi da tsohon, "Suwamiji, wa ya raɗa maka wanda kake amsawa yanzu?"

Tsoho ya washe baki. Ya ce Suwami na nufin wanda ya mallaki kansa, ji ɗin girmamawa ce, ananda da ke ƙarshen sunansa kuma farin ciki. Farkon sunan natsuwa yake nufi, malaminsa ya zaɓa masa ne don yana da saurin fushi, kowane kira ya zama tunatarwa. Farfesa sai gyaɗa kai take. Ni kuwa hassada ta cika ni fal, ko kallon fuskar Bashir ban iya yi ba.

Bayan an tashi Bashir ya kira ni, har da ɗan lah ɗin nan da 'yan Malesiya ke ƙarawa don tausasa magana. "Yaya, ba komai lah, kowa na iya yin wannan kuskuren." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Shi aka riƙe. A wannan aiki, sunan da mutum yake ɗauke da shi ake tambaya, ba wanda ya sauke ba. Haka nake koya wa ɗalibaina a Kano yanzu, kuma har yau ban iya buɗe baki na gaya musu wurin wa na koya ba.