Rediyon Mushen Lakwal

Raguna biyu da damin hatsi huɗu na bayar, duk abin da na samo a ƙauyen Bambai a kakar shekarar nan. Wanda ya karɓa mushen lakwal ne, wato malamin makarantar boko, Kirista mutumin kudu, an canja masa wurin aiki. Shi kuma ya ba ni rediyonsa, akwatin katako mai ƙaton pil, wato batir, a baya. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kowane mai hali a Tawa yana son jin labaru a zaurensa. Na tabbata zan sayar da riba.

Na sha jin rediyon yana magana in na wuce ƙofarsa, shi ya sa ban ce a gwada ba. Da zai hau mota ya ce, "Maigida, ka yi tattalin pil, tsada gare shi."

A gida na murɗa. Shiru. Na yi maza na kashe kada pil ya tafi a banza. Na sake, na sake, duk haka. Na shanya pil a rana kamar na tocila. Na juya fuskar akwatin wajen Yamai. Na kai wa mai gyaran agogo ɗan Damagaram, ya buɗe bayansa, ya hure, ya ce, "Ni dai kwalabe na gani, kuma ba wadda ta fashe." To mushe cutata ya yi? Ban san shi da haka ba. Ko abin Faransanci kaɗai yake ji?

Kwana tara ina wannan. Wani mai goro ɗan Maradi ya ce zai ba ni rago ɗaya, ya ajiye akwatin ko don ado. Na sallama nan take.

Ina tsaye a rumfarsa ya murɗa, sai ga surukinsa daga Barmu. Mai goro ya durƙusa gaisuwa, ya mance bai kashe ba. Gajiya, iyali, bisashe, ruwan rijiya. Suna kan tambayar tsofaffi akwatin ya yi kaki, wani mutum ya kama magana a ciki.

"Mi ka yi mishi?" na ce.

"Wallahi ban taɓa komi ba, abokina."

Sai daga baya aka gaya mini kwalaben nan sai sun ɗumama suke aiki. Ni kuwa ban taɓa barinsa a kunne ya kai tsawon sallama ba.

Rago ɗaya da dami huɗu suka tafi. Pil ɗin da na yi ta tattali, mai goro ya ci moriyarsa.